Maigida ya rasa aiki, yara suna sakandare da jami'a: tambayoyi da amsoshi kan tallafin da ake samu a Jihar Kebbi

Rashin aiki ya fi ciwo a gidan da yara suka girma. Ɗan firamare fensir da littafi sun ishe shi, amma ɗan aji shida na sakandare yana jiran kuɗin jarrabawa, yayansa kuma yana Aliero ko Birnin Kebbi yana jiran kuɗin rajista da na ɗaki da na abinci. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye suka fi yi idan albashi ya tsaya.

Shin gwamnati tana biyan wanda ya rasa aiki wani kuɗi duk wata?

A'a. Nijeriya ba ta da tsarin da mutum zai je ofis ya ce an sallame shi a fara ba shi alawus, irin wanda ake jin labarinsa a Ingila. Duk wanda ya ce maka akwai fom na wannan, ka riƙe kuɗinka. Abin da ke akwai a warwatse yake, kuma ƙofa uku yake bi: kuɗin da ka tara lokacin da kake aiki, tallafin da ake bayarwa da sunan ɗalibin kansa, da wanda ake bai wa gida idan yana cikin rajistar marasa galihu. A cikin ukun, na sunan ɗalibi ya fi tabbas, kuma shi iyaye suka fi sakaci da shi, domin suna ganin neman kuɗin makaranta aikin uba ne shi kaɗai.

An sallame ni bayan shekara tara a kamfani. Zan iya taɓa kuɗin fanshona?

Idan kana da asusun fansho na karo-karo, wato kana da lambar PIN a wani kamfanin fansho, kuma ba ka kai shekara 50 ba, dokar fansho ta 2014 ta ba ka damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun, muddin ka yi wata huɗu ba ka samu wani aikin ba. Mai naira 1,200,000 a asusu zai karɓi 300,000. Ragowar tana nan har ka kai 50. Wanda ya riga ya kai 50 ana lissafa shi a matsayin mai ritaya ne, ya karɓi dunƙule sannan a riƙa biyansa duk wata.

Za a nemi takardar sallama daga wurin aiki, takardun albashi na watannin ƙarshe, shaidar haihuwa ko takardar rantsuwar shekaru, hoto, lambar NIN, bayanin asusun banki, da wasiƙar neman kuɗin da hannunka. Abu biyu ke hana ruwa gudu. Na farko, mutum bai taɓa zuwa sabunta bayanansa a kamfanin fansho ba, sai a tarar sunan da ke can ya saɓa da na NIN. Na biyu ya fi muni: doka ta ce a cire kashi 8 daga albashinka, mai aiki ya ƙara kashi 10, amma wasu masu aikin suna cirewa ba sa zubawa. Saboda haka ka fara karɓar cikakken bayanin asusunka ka bi shi wata-wata. Inda ka ga giɓi, ka rubuta wa tsohon wurin aikinka, idan suka yi kunnen uwar shegu ka kai ƙara PenCom, hukumar da ke kula da harkar fansho ta ƙasa. Kada ka jira wata huɗun ya cika kafin ka fara haɗa takardu, musamman takardar sallama, domin ranar da kamfani ya rufe ƙofa samun mai sa hannu sai an sha wuya.

Sun ce in tafi a ranar, babu ko sisi. Haka doka ta ce?

Dokar ƙwadago ta tanadi wa'adin sanarwa: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye. Idan ba a ba da wa'adin ba, sai a biya kuɗinsa, sai fa idan korar ta babban laifi ce. Takardar ɗaukarka aiki tana iya ba ka fiye da haka, ka karanta ta. Wanda kuma rauni a bakin aiki ya zaunar da shi, maganarsa ta dokar biyan diyyar ma'aikata ce ta 2010, a hannun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta tarayya. Idan ma'aikacin ya rasu a dalilin aikin, dokar ta tanadi biyan 'ya'yansa duk wata har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa.

Ɗana yana aji biyu a jami'a. Mene ne NELFUND ɗin da ake ta faɗa?

Asusun ba ɗalibai lamunin karatu ne na gwamnatin tarayya. An fara sa hannu a dokarsa a watan Yuni na 2023, aka sake ta a watan Afrilu na 2024, aka buɗe shafin neman lamunin ranar 24 ga Mayu, 2024. Dokar farko ta zo da sharuɗɗan da suka kori talaka, har da neman masu tsaya wa ɗalibi da iyakance abin da gidansu ke samu a shekara. Ta biyu ta cire su. Yanzu ba a tambayar albashin uba, ba a neman mai tsayawa, ba a karɓar jingina.

Kashi biyu ne. Kuɗin makaranta, wanda ake tura wa makarantar kai tsaye ba ya bi ta hannun yaro, da kuɗin kashewa naira 20,000 duk wata da ke shiga asusun ɗalibin. Yana iya neman na farko kaɗai, yana iya haɗawa. Na makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha: irin su Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Ɗan Kebbi da ke karatu a Sakkwato ko Zariya shi ma yana nema ta makarantarsa. Mai karatu a jami'ar kuɗi ba ya ciki, haka mai digiri na biyu.

Naira 20,000 ba za ta riƙe saurayi wata guda ba a tsadar yau, wannan kowa ya sani. Amma idan gida ya haɗa masa da tiya biyu ta shinkafa da gari da ƙuli, bambancin da take yi shi ne tsakanin zama a aji da dawowa gida.

Yaya ake nema?

Ɗalibin ne zai nema da kansa a shafin hukumar, nelf.gov.ng, ba uba ba. Zai buɗe asusu da lambar rajistarsa ta JAMB da NIN da adireshin imel nasa na kansa. Daga nan ya zaɓi makarantarsa, ya sa lambar ɗalibi da makarantar ta ba shi, ya ɗora takardar admishan, ya sa BVN da lambar asusun banki mai sunansa. Sai ya shiga wurin neman lamuni ya zaɓi abin da yake so, ya amince da sharuɗɗa. Daga cikin sharuɗɗan akwai izinin a ciri bashin daga duk asusun da ke haɗe da BVN ɗinsa idan ya ƙi biya alhali yana da hali, don haka ya karanta kafin ya danna.

Neman kyauta ne. Idan a shagon intanet za a cike, kuɗin aikin mai shago kawai za a biya, kuma yaro ya zauna kusa da shi ya ga abin da ake rubutawa, ya tafi da kalmar sirrinsa. Kuma ba sau ɗaya ake nema a huta ba. Kowace shekarar karatu sai an sabunta, a cikin kwanakin da aka buɗe shafin.

Ya cike amma shafin ya ce bai san shi ba. Me ya jawo?

Mafi yawan lokuta makarantar ce ba ta tura sunansa ba, domin hukumar ba ta ganin ɗalibi sai makarantarsa ta ɗora bayanansa na wannan shekarar. Maganin yana ofishin kula da harkokin ɗalibai ko sashen kwamfuta na makarantar, ba a Abuja ba. 'Yan aji ɗaya sun fi faɗawa wannan, saboda lambar ɗalibi takan yi jinkiri.

Sai saɓanin suna, wanda ya yi mana katutu a ƙasar Hausa. Yaro Abubakar ne a takardar JAMB, Garba a katin banki. A NIN sunan mahaifi aka sa a ƙarshe, a makaranta sunan gari, Jega ko Kamba ko Yelwa. Muhammad a nan, Mohammed a can. Ranar haihuwa kuwa mai shago ne ya zaɓa masa 1 ga Janairu ranar da aka je yin NIN, alhali firamare ta rubuta wata daban. Kwamfuta ba ta san Garba shi ne Abubakar ba. Ku baje takardun nan huɗu a tabarma, NIN da BVN da JAMB da ta makaranta, ku bi su harafi-harafi. Ku gyara wadda ta fita daban, ba duka ba. Gyaran suna a NIN yana da sauƙin kuɗi, amma na ranar haihuwa ya haura naira 28,000 tun 2025, kuma sai da takardar hukumar ƙidaya.

Na uku shi ne ɗalibin da makaranta ta ɗauka ba ta hanyar JAMB ba, ko wanda bai taɓa shiga shafin JAMB ya karɓi gurbinsa ba. Wannan sai ya daidaita admishan ɗinsa tukuna. Game da banki kuma, a sa asusun banki na sosai wanda ake amfani da shi. Asusun da ya daɗe a kwance, ko na uba, ko na aboki, shi ke sa a ce an tura kuɗi amma shiru.

Na riga na ci bashi na biya masa, sai ga kuɗin lamuni ya shiga makaranta. Ya zan yi?

Kuɗin naku ne, makaranta za ta mayar. Ɗalibin ya rubuta wa ofishin kuɗi na makaranta, ya haɗa kwafin rasit ɗin abin da aka biya da hoton shafinsa na NELFUND inda ya nuna an tura. Ya sa a buga masa hatimin karɓa a kwafi ɗaya ya ajiye. Kada ya yarda a ce masa a baki za a riƙe na baɗi, domin bashin yana kansa ko an mayar ko ba a mayar ba. Wannan ne dalilin da ya sa ba a zubar da rasit.

Ba riba ba ce? Kuma idan ya gama bai samu aiki ba, kama shi za a yi?

Babu kuɗin ruwa a ciki. Abin da aka ba shi, shi zai mayar. Biya yana farawa shekara biyu bayan ya gama bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na albashi: mai ɗaukar naira 100,000 zai riƙa ba da 10,000. Mai sana'ar kansa kashi 10 na ribarsa. Wanda shekara biyun ta wuce bai samu komai ba, zai yi takardar rantsuwa a ɗaga masa ƙafa, sai dai dokar ta tanadi ɗaurin shekara uku ga wanda ya yi ƙarya a wannan. Idan ya rasu an yafe, ba a bin iyaye ko magada. Duk da haka bashi ne, hanji ne yana cikin kowa, a gaya wa yaro haka tun farko. Gidan da ke iya ciyar da ɗansa ya nemi kuɗin makaranta kawai.

Akwai wanda ba bashi ba?

Akwai. Hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Kebbi tana tantance ɗalibai 'yan asalin jihar, kuma ta hannunta gwamnatin jiha take biyan tallafi da kuɗin rajista idan ta amince. Ana buƙatar takardar indijin daga ƙaramar hukuma, takardar admishan, katin makaranta da rasit na baya. Sanarwar takan fito ta ƙungiyar ɗaliban jiha a makarantu da ta rediyo, kwanakin kuma ba su da yawa. Wanda bai je tantancewa ba, babu sunansa. Kada dai a gina rajistar bana a kan wannan kuɗin, domin ba ya bin kalandar makaranta.

Hukumar sikolashif ta tarayya tana ba ɗaliban makarantun gwamnati daga aji biyu zuwa sama, amma sai mai ƙoƙari: a jami'a ana neman matsakaicin maki 4.0 cikin 5.0. Yaron da ke kusa da wannan ya dage, kyauta ce ba a mayarwa.

'Yata za ta shiga aji huɗu na sakandare, ƙaninta kuma zai zana jarrabawar fita. Su fa?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu kyauta ne na shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Daga aji huɗu abin ya koma ga tsarin jiha, kuma daidai wannan gaɓar ake cire 'yan mata. Kebbi tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, na tallafa wa karatun 'yan mata, da aka amince da shi a 2020, tare da Kano, Katsina, Kaduna, Borno, Filato da Ekiti. Cikin ayyukansa akwai ba iyayen 'yan mata marasa ƙarfi kuɗi idan yarinya ta shiga aji ɗaya ko aji huɗu a makarantar gwamnati, da sharaɗin tana zuwa aji. Ta makaranta ake ɗaukar sunaye, don haka Hajiya ki je wurin shugabar makarantar da kanki ki tambaya ko makarantar tana ciki, ki tafi da NIN ɗinki da na yarinyar. Idan ta riƙa fashi, kuɗin yana tsayawa.

Na mai jarrabawa, a tambayi shugaban makaranta tun zangon farko na aji shida wace jarrabawa gwamnati za ta ɗauki nauyi a wannan shekarar, WAEC ko NECO, kuma ko sunan yaron yana jerin. Wanda aka mayar makarantar gwamnati daga ta kuɗi a aji na ƙarshe yakan rasa, saboda makin gwajinsa na ajin baya ba ya hannunsu. Idan za a canja makaranta saboda rashin kuɗi, a yi tun aji huɗu ko farkon biyar. Fom ɗin JAMB a 2025 naira 7,200 ne ba tare da jarrabawar gwaji ba, kuma ba a yinsa sai da NIN. A yi amfani da layin wayar da ba zai ɓata ba, domin da shi za a riƙa hulɗa da JAMB har a samu gurbi.

Yaya zan sa gidana cikin rajistar da ake raba kuɗi da ita?

Ba a cike ta a shago, ba a saye. Rajistar marasa galihu ta ƙasa tana ƙarƙashin NASSCO, ofishin tarayya mai kula da shirye-shiryen tallafin marasa galihu, kowace jiha kuma tana da sashenta. Ma'aikata ne ke zuwa gari, a tara maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi gidajen da suka fi talauci, sannan masu ɗaukar bayani su bi gida-gida. Daga ita aka biya naira 5,000 a wata a shirin da aka fara a 2016, akasari a hannun uwar gida, daga ita kuma aka ɗauki gidajen shirin naira 25,000 sau uku da aka ƙaddamar a Oktoba 2023, wanda yanzu sai mai NIN ake biya.

Gaskiyar magana, tsohon ma'aikaci mai gidan siminti a Birnin Kebbi da wuya ya shiga, ko da tukunyarsa ba ta hau wuta ba, domin ana duba rufin ɗaki da kadara da yawan mutanen gida. Shiga rajistar ma ba alkawarin kuɗi ba ne. Abin da za ka iya shi ne ka sanar da mai unguwa da hakimi halin da kake ciki, ka tambayi jami'in shirin a sakatariyar ƙaramar hukuma yaushe za a sabunta ta yankinku, kuma ranar taron ka kasance a wurin.

Ni manomi ne, ambaliya ta cinye shinkafata. Ina cikin masu wannan magana?

Kana ciki, ban da fansho. Lamunin ɗalibai da tallafin jiha ba su tambayi sana'ar uba ba. Haka wanda rashin tsaro ya raba da gonarsa a ƙasar Zuru. Idan an zo ƙididdigar ɓarna daga hukumar agajin gaggawa ta jiha, ka tabbata an rubuta sunanka da lambar wayarka. Don koyon sana'a kuma akwai ofishin hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, a Birnin Kebbi.

Inshorar lafiyarmu ta tsaya da aikin. Idan yaro ya kwanta fa?

Ko kana aiki ma, inshorar ma'aikata miji da mata da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ta ɗauka, babban yaro ya riga ya fita. Ɗaliban manyan makarantu suna da tasu inshorar lafiyar, TISHIP, wadda akan haɗa kuɗinta cikin na rajista. Da yawa sun biya ba su sani ba, suna sayen magani a kemis. Ya je asibitin makaranta ya buɗe kati tun yana lafiya. Sauran mutanen gida su tambayi asibitin mazaɓarsu game da rajistar marasa ƙarfi ta KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kebbi.

Mun rabu da mahaifinsu, ba ni da aiki, ya daina aiko da komai. Wa zai biya?

Nafaƙa a wuyan uba take, ko yaran suna hannunki. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a ke bi, ta 'ya mace tana kansa har ta tare gidan miji, ta namiji har ya balaga yana iya neman na kansa. Alƙali yana yankewa gwargwadon ƙarfin uban ne. Ke nan a kan 'ya mace hujjarki tana da ƙarfi, amma a kan saurayi ɗan jami'a sulhu ya fi ƙara amfani. Ki fara da baffanninsu da kakansu, ki kai musu lissafi a rubuce: rajista kaza, ɗaki kaza, ranar rufewa kaza. Mutum ya fi saurin ɗaukar abu ɗaya mai adadi a kan a ce masa ya taimaka. Idan abin ya ci tura, akwai ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, sannan kotu.

Ya halatta in karɓi zakka don kuɗin makaranta?

Wanda abin hannunsa bai ishe shi da iyalinsa ba yana cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, haka wanda bashi ya yi wa katutu. Tsohon albashi ba ya hana. Lokacin kaka da azumi aka fi fitarwa, a sanar da liman ko uban ƙasa kafin lokacin, a asirce. Kiristoci su ma su yi magana da shugabannin cocinsu.

An turo mini saƙo a WhatsApp cewa na ci tallafi, in sa BVN.

Ka goge shi. Babu hukumar da ke neman lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka ta waya, babu kuma wadda ke karɓar kuɗin fom don ta ba ka tallafi.

An kusa rufe rajista kuma babu abin da ya fito. Ya dawo gida kawai?

Kada ya dawo ba takarda. Ya fara zuwa wurin malamin da ke kula da ajinsu da shugaban sashe, ya nuna shaidar ya nemi lamuni, ya roƙi a bar shi ya shiga aji da jarrabawa kafin kuɗin ya iso, ko a karɓi rabi. Idan hakan bai yiwu ba, ya nemi jingine karatu: wasiƙa zuwa ga magatakardan makaranta ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, da dalili a fili, da shekarar da zai dawo. A miƙa ta kafin a fara jarrabawa, a karɓi kwafi mai hatimi, a kuma bi sawu har amsa ta fito a rubuce. Ɗalibin da ya ɓace ba izini ana rubuta masa faɗuwa a duk darussan da ya yi wa rajista, makinsa ya zube, idan ya wuce wa'adin da dokar makarantar ta sa a ɗauka ya bar karatu da kansa. Wanda ya jingine kuwa gurbinsa da makinsa suna nan, kuma idan ya dawo ya tabbata makaranta ta sake tura sunansa ga NELFUND a jerin sabuwar shekarar.